Kyandir da Majigi: Nazari a kan Bikin Haske na Birnin Liyon

Gabatarwa

A kowace shekara, idan watan Disamba ya kama, birnin Liyon na ƙasar Faransa yakan ware darare huɗu domin wani biki da masu garin ke kira Fête des Lumières, watau Bikin Haske. Akan hana motoci shiga tsakiyar gari, a rage fitilun kan titi, sa'an nan a bar masu fasaha su yi zane da haske a jikin manyan gine-gine, da cikin dandali, da gaɓar kogi. Ba a sayar da tikiti, kowa ya zo ya ba idonsa abinci. Na halarci na shekarar 2024, wanda aka yi daga ranar 5 zuwa 8 ga Disamba, shekarar da bikin ya cika shekara 25 a siffar da yake da ita yanzu.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna abin da aka nuna a can da ma'aunin nazari, kamar yadda mukan auna waƙa ko wasan kwaikwayo. To, amma tun kafin a je ko'ina akwai matsala. Kayan aikin da muka gada daga malamanmu, irin su Abdulƙadir Ɗangambo mai Gadon Feɗe Waƙa, watau jigo, da zubi da tsari, da salo, duk an ƙera su ne domin abin da yake zaune, wanda manazarci zai iya komawa ya sake dubawa, ya ja layi a ƙarƙashin baiti, ya kafa hujja. Shi kuwa aikin haske mintoci kaɗan yake yi, a maimaita shi darare huɗu, a kashe na'ura, bango ya koma bango. Saboda haka na ƙara wa kayan aikin nan tambayoyi biyu, kuma da su zan bi ayyukan. Ta farko, shin wannan aiki yana bukatar wannan wuri takamaimai, ko kuwa kowane bango aka ba shi zai wadatar? Ta biyu, mene ne rabon jama'a a cikinsa, hannu ne ko kuwa ido kaɗai?

Asalin bikin

Birnin Liyon yana zaune ne a inda koguna biyu, Rhône da Saône, suka haɗu, kuma daga yammacin tsohon gari akwai wani tudu mai suna Fourvière wanda yake kallon birnin duka. A shekarar 1643, lokacin da annoba ta addabi garin, shugabanninsa suka yi bakance cewa za su riƙa hawa wannan tudu kowace ranar 8 ga Satumba su kai kyandir da tsabar zinariya a wata majami'a da aka keɓe wa Maryamu, uwar Annabi Isa (A.S.). Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, a 1852, aka shirya ɗora wani mutum-mutumin Maryamu mai ruwan zinariya, aikin Joseph-Hugues Fabisch, a ƙololuwar hasumiyar majami'ar. An sa ranar 8 ga Satumba, sai kogin Saône ya yi ambaliya ya shiga maƙerar da ake aikin, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba, wadda ita ma rana ce ta Maryamu a wurin mabiya ɗariƙar Katolika. Ranar da ta zo kuma sai hadari ya taso, shugabannin majami'a suka ɗage shagalin kunna fitilu da aka tsara yi da dare. Da yamma ta yi gari ya washe, mutane ba su jira kowa ba, kowa ya kunna ɗan kyandir ya ajiye a bakin tagarsa, har gari ya ɗauki haske. Daga nan abin ya zama al'ada. Har yau akan sa ɗan kyandir a cikin ƙaramin kofin gilashi, wanda suke kira lumignon, a jera a bakin taga a daren 8 ga Disamba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda daga wannan tarihi: bikin ya samo asali ne daga daren da hukuma ta janye, jama'a suka kunna da hannunsu.

Siffar da ake gani yanzu kuwa ta hukuma ce. A 1989, zamanin magajin gari Michel Noir, birnin ya fito da wani tsari na haskaka manyan gine-gine da gadoji da dare. A 1998 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya, a 1999 kuma, zamanin Raymond Barre, aka faɗaɗa dare ɗaya ya zama huɗu, aka fara gayyato masu fasaha daga ko'ina. Mazauna birnin sun ɗan haura rabin miliyan, amma hukumarsa takan ce masu kallo sukan kai kimanin miliyan biyu a waɗannan darare.

Batun suna

Kafin mu shiga ayyukan, sai mun sama wa abin suna da Hausa. Dabarar da ta fi yawa a bikin ita ce a auna gini da kwamfuta, taga bayan taga, ginshiƙi bayan ginshiƙi, sa'an nan a shirya hoto mai motsi wanda idan aka harba shi da na'ura zai zauna daidai a kan waɗannan layuka, har ido ya ɗauka ginin ne da kansa yake motsi. Ina ba da shawarar a kira wannan majigin gini. Kalmar majigi tamu ce tun zamanin mulkin mallaka, an aro ta daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitilar nuna hotuna, kuma abin da take nufi a bakin iyayenmu ya yi kusa ƙwarai da abin da na gani a Liyon: motar gwamnati ta zo gari, a kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar fada, dare ya yi, a harba haske, jama'a su taru su yi kallo kyauta. Brian Larkin ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin da ya sa na fi son wannan kalma a kan wata sabuwar ƙirƙira shi ne tana ɗauke da wani sani da Bahaushe ya riga ya yi, cewa kallon kyauta da hukuma ta kawo yakan zo da saƙo a bayansa, ko na tsafta, ko na noman zamani kamar fim ɗin Baban Larai, ko kuwa dai kawai na nuna cewa hukuma tana da iko da dare da rana. Za mu dawo kan wannan.

(Ba laifi a ambata a nan cewa a wannan birni ne 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fito da na'urar sinima a 1895, kuma sunan gidansu ma'anarsa haske. Mutanen garin suna son wannan dacewa, ba sa gajiya da faɗin ta ga baƙo.)

Ayyukan

Dandalin Terreaux shi ne zuciyar bikin. Fili ne mai kusurwa huɗu, a gabashinsa gidan majalisar birni, a kudancinsa wani tsohon gidan zuhudu na ƙarni na 17 wanda yanzu ya zama gidan adana zane-zane. A jikin waɗannan gine-gine biyu ake harba babban majigin kowace shekara. A 2024 an dawo da wani aiki da aka taɓa nunawa a baya, labarin wani ƙaton yaro wanda ya mayar da gine-ginen kayan wasansa. Ta fuskar gwaninta babu abin kushewa. Hoto ya zauna daram, kiɗa ya bi motsi, yara suna ta ihu a wuyan iyayensu. Amma da gari ya waye na zauna in rubuta zubi da tsarin abin da na gani, sai na kasa tuna me ya zo kafin me. Na yi ta tunanin ko laifin ƙwaƙwalwata ne, daga baya na gane cewa irin wannan aiki ba a gina shi a kan jeranto ba, an gina shi ne a kan mamaki bayan mamaki, kowane yana share na gabansa. A nan ne salo ya cinye jigo.

Wannan aibi ba na aiki ɗaya ba ne, ya zama ruwan dare a majigin gini duk inda ake yin sa. Akwai wasu 'yan dabaru da ake ta juyawa: bango ya tsage, tubali ya zube, ruwa ya cika tagogi, furanni su tsiro, ginin ya sake miƙewa. Wanda ya gani karo na farko zai riƙe baki. Wanda ya gani karo na biyar zai lura cewa da gidan sarki, da majami'a, da tashar jirgi, duk rushewa iri ɗaya suke yi. Idan haka ne, ginin bai wuce farin ƙyallen motar majigi ba, sai dai shi yana da tagogi. Tambayarmu ta farko ke nan, kuma yawancin manyan ayyuka ba sa tsallake ta.

Wanda ya tsallake ta, a ganina, shi ne aikin Jacques Rival a dandalin Bellecour, wanda aka fara nunawa a 2006 aka kuma dawo da shi a 2024. A tsakiyar wannan fili akwai mutum-mutumin Sarki Louis na 14 a kan doki, wanda aka kafa a 1825 a gurbin wani da aka rushe lokacin juyin juya halin Faransa. Rival bai harba hoton komai ba. Ya lulluɓe sarkin da dokinsa cikin wani ƙaton ƙwallo mai ɗaukar ido, ana watsa abu mai kama da dusar ƙanƙara a ciki, a gindinsa kuma aka rubuta da haske kalmomin nan na "ina son Liyon" da akan gani a jikin tsarabar 'yan yawon buɗe ido. Domin a fahimci aikin sai an san cewa a Turai akwai ɗan ƙwallon gilashi da ake sayarwa a shagunan tsaraba, da ɗan hoton gari a ciki, idan aka girgiza sai farin gari ya yi ta zuba. Watau sarkin da ake wa kirari da Sarkin Rana, wanda ya fi kowa son a ji tsoronsa, an mayar da shi abin da yaro zai saya ya girgiza ya ajiye a kan tebur. Wannan zambo ne, kuma zambo mai baki biyu, domin bai tsaya kan sarki ba, ya haɗa da birnin da yake sayar da kansa ga baƙi, ya haɗa da mu da muka tsaya muna ɗaukar hoto. Abin sha'awa shi ne masu garin sun karɓi zambon a matsayin yabo, har suka yi murnar dawowarsa. Duk wanda ya san yadda maroƙi kan cusa habaici a cikin kirari, ubangida yana murmushi yana miƙa kyauta, ba zai yi mamakin haka ba. Ɗauke wannan ƙwallo ka kai shi wani fili inda babu Louis, ya zama balan-balan kawai. Aikin yana bukatar wurinsa.

Na uku shi ne na Patrice Warrener a dandalin Jacobins, inda akwai wata maɓuɓɓugar ruwa ta farin dutse da aka gama a 1885, mai ɗauke da siffofin wasu masu fasaha huɗu 'yan garin. Hanyar Warrener ita ce ya bi kowace sassaƙa ya ba ta launinta, riga daban, fuska daban, ganye daban, sa'an nan ya harba launukan su zauna a kan dutsen kamar an shafa fenti. Haka ya yi wa majami'ar Westminster ta London a 2016. Babu labari, babu rushewa. Da rana na wuce wannan maɓuɓɓuga ban ɗaga kai ba, da dare kuwa sai na tsaya ina bin ta dalla-dalla, ina ganin abubuwan da masassaƙi ya wahala a kansu waɗanda farin dutse ya ɓoye. Aikin Warrener sharhi ne a kan matanin wani, irin sharhin da malami kan yi a gefen shafi, wanda burinsa ya mayar da kai cikin matanin. Rauninsa shi ne wani lokaci launukan sukan yi yawa har abin ya koma kamar alewa. Duk da haka na fi ba shi maki a kan babban majigin Terreaux, ko da yake na san 'yan kallo ba za su yarda da ni ba.

A kan tambaya ta biyu, watau rabon jama'a, misali mafi kyau ba na shekarar da na je ba ne. A 2010 wata ƙungiya mai suna 1024 Architecture ta mayar da fuskar gidan wasan kwaikwayo na Célestins fuskar mutum, aka kafa makirufo a fili, duk wanda ya yi waƙa ko ihu a ciki sai fuskar ta motsa, ta yamutse ko ta buɗe baki gwargwadon muryarsa. Gidan da aikinsa shi ne a yi magana a ciki jama'a su saurara, sai ga shi yana sauraron jama'a. Wannan ya amsa tambayoyin biyu a lokaci guda, kuma ya nuna cewa na'ura ba ita ke hana mutane sa hannu ba.

Kyauta

Yanzu sai mu koma kan majigi da saƙonsa. Gaskiya ne ba a biyan ko sisi a shiga. Amma kuɗin shirya bikin yana fitowa daga baitulmalin birni da kuma kamfanoni masu ɗaukar nauyi, waɗanda sunayensu ke jikin allunan bayani. Masaukai sukan cika, kuɗin ɗaki ya tashi, masu abinci su yi ciniki. Tun 2002 ma akwai wata ƙungiyar birane masu sha'awar harkar haskaka gari, LUCI, wadda aka kafa a Liyon, kuma gwanayen birnin sukan je wasu ƙasashe su shirya irin wannan biki. Saƙon majigin Liyon ke nan: ku zo ku gani, ku dawo baɗi. Ban ga laifi a ciki ba, kowane gari yana tallar abin da yake da shi. Abin da ya shafi manazarci shi ne yadda wannan bukata take shiga cikin zubin aikin. Idan mutum dubbai ne za su wuce ta fili ɗaya a dare ɗaya, dole aiki ya zama gajere, ya zama wanda za a fahimta ba tare da harshe ba, ya zama wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba, ya kuma yi kyau a cikin wayar hannu. A Terreaux rukuni-rukuni ake shigar da mutane, ta nan a shiga ta can a fita, ana gamawa a ce a matsa. Na daɗe a layi cikin sanyi fiye da yadda na daɗe ina kallo, kuma ko a lokacin kallon rabin abin da na gani ta cikin wayoyin mutanen gabana na gan shi. Saboda haka rashin jeranton da na koka da shi a baya ba kasawar mai fasaha kaɗai ba ce, yanayin kallon ne ya tilasta shi. Mun san wannan a adabin baka: waƙar da aka yi domin dandali ba ta ɗaukar tsawon wadda aka yi domin zaure.

Daren 8 ga Disamba

A 2015, bayan hare-haren da aka kai birnin Faris ranar 13 ga Nuwamba inda mutum 130 suka rasu, an soke bikin na darare huɗu. Aka nemi mutane su kunna kyandir a tagoginsu daren 8 ga Disamba, aka kuma bar aiki guda, na Daniel Knipper, wanda ya nuna idanuwan mutane da aka ciro daga tsofaffin zane-zane a jikin gidajen gaɓar Saône, tare da sunayen waɗanda aka kashe. Tun daga shekarar da ta biyo baya ake kewaye tsakiyar gari da shinge ana binciken masu shiga. A 2020 ma an sake sokewa saboda annobar korona. Watau duk lokacin da majigi ya gagara, kyandir ake komawa gare shi, kamar yadda aka yi a 1852.

Da wannan a zuciya na tafi, kuma ba zan ɓoye ba, na tafi ne da hukuncina a aljihu: kyandir na jama'a ne, majigi na hukuma ne, kuma na biyun ya danne na farkon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A manyan titunan tsakiyar gari, inda benaye da yawa ofisoshi ne da shaguna, tagogi masu duhu sun fi masu kyandir yawa, kuma ɗan hasken kyandir ba ya iya ja da na'urar da ke haska gini sukutum. Har ila yau an mayar da wani sashe na al'adar aikin agaji, ana sayar da kyandir a tara kuɗin a ba wata ƙungiyar taimako da aka zaɓa a shekarar, abin da ke da kyau, amma ya ɗauke kyandir daga taga ya kai shi fili inda hukuma ta tsara.

Sai dai daren ƙarshe ya rage mini ƙarfin wannan hukunci. Da magariba ta yi, mabiya Katolika suka fito daga babbar majami'ar Saint-Jean riƙe da kyandir, suna addu'o'insu, suka hau tudun Fourvière, inda aka rubuta godiya ga Maryamu da manyan haruffa masu haske. Na tsaya a gefe cikin ladabi, domin ibada ce, kuma ba tawa ba ce. A nan na lura cewa kyandir ɗin da nake kira na jama'a yana da asalin da ba kowa ne zai iya shiga ba. Liyon ta yau tana da Musulmi masu yawa, galibi 'yan asalin Arewacin Afirka, da Yahudawa, da waɗanda ba su bin kowane addini, a ƙasar da tun 1905 doka ta raba gwamnati da majami'a. Majigin da nake zargi da rashin jigo, wannan rashin nasa shi ne ya ba duk waɗannan damar tsayawa kafaɗa da kafaɗa a fili ɗaya. A Bellecour na ga mata masu lulluɓi da 'ya'yansu suna dariyar sarki cikin ƙwallo, ba wanda ya tambaye su hujja. Ashe tambayata ta biyu tana bukatar gyara, domin bai isa a ce mene ne rabon jama'a ba, sai an ce wace jama'a.

Bayan na bar shingen na bi hanyar da ta hau unguwar Croix-Rousse, tsohuwar unguwar masaƙan siliki, inda gidajen ke da dogayen tagogi saboda tsayin masaƙa. A can babu na'ura, babu kiɗa. Wasu benaye an jera kofunan daga wannan taga zuwa waccan, wasu ko ɗaya babu. A wani bene na biyu na ga wata tsohuwa da yarinya, ga alama jikarta ce, sun buɗe taga, iska tana kashe musu kyandir, yarinyar tana sake kunnawa. Na tsaya har ta kunna na shida, sa'an nan sanyi ya kore ni.